Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Jawabi a kan Ɗora Linux da Aiki da Ita



An nemi mu yi magana ne a kan uwar manhajar kwamfuta wadda ake kira Linux, watau yadda ake ɗora ta, da yadda ake daidaita ta, da kuma yadda ake aiki da ita. To, amma kafin mu kama hanya ya kamata mu faɗi abin da ya sa zancen ya zama na gaggawa. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, shi ma kuwa na ɗan lokaci ne. Windows 11 da ta gaje ta tana da sharuɗɗa masu tsauri. Tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma galibi ba ta amincewa da injin da aka ƙera kafin wajen 2018. Kowa a nan ya san irin kwamfutocin da ke hannun da yawa daga cikinmu: na hannu ne, sun gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwanninmu. Suna da rai, suna aiki, amma an ce musu zamaninsu ya wuce.

Mai irin wannan kwamfuta yana da hanya uku. Ko ya sayi sabuwa, in yana da hali. Ko ya ci gaba da tsohuwar manhaja wadda ba mai toshe mata ɓaraka, ya zauna cikin gida marar ƙyaure. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna da watan Mayu na 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta kan injunan da ba a sabunta ba, ta kulle takardun mutane a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Hanya ta uku ita ce ya sake wa kwamfutar uwar manhaja ɗungum. Wannan ta ukun ita ce maganarmu a yau, kuma ra'ayinmu a kanta guda ne: wanda ya ɗora wa kwamfutarsa manhaja da hannunsa, ya san abin da ya ɗora, shi ne ya mallake ta. Sauranmu aro muke yi, ko da mun biya kuɗi.

Mece Ce Uwar Manhaja?

Kwamfuta ƙarfe ne da roba da wayoyi. Abin da ke sa ta motsi shi ne manhaja, watau umarnin da aka rubuta mata. A cikin manhajojin nan akwai guda wadda matsayinta kamar na sarkin kasuwa yake. Ita ke ba kowace manhaja rumfarta, ita ke raba musu lokaci da wurin ajiya, ita ke shiga tsakani in biyu sun nemi abu ɗaya, ita ce kuma ke magana da allon rubutu da firinta da na'urar sauti a madadin kowa. Wannan ita muke kira uwar manhaja. Windows ɗaya ce daga cikinsu, macOS ɗaya ce, Linux ma haka.

Kowace manhaja tana da rubutun asali wanda masana suka rubuta, ɗan Adam yana iya karanta shi, sa'an nan aka juya shi zuwa lambobin da inji ke ganewa. Kamfanonin da ke sayar da manhaja rufaffiya sukan ba ka juyayyen ne, su ɓoye na asalin. Misalin wannan kamar tela ne ya ɗinka maka riga, ka biya shi, sa'an nan ya kafa maka sharaɗi cewa ba ka da ikon rage mata tsawo, ba ka da ikon kai ta wurin wani tela in ta yage, ba ka kuma da ikon ba ƙanenka ya sa. Riga dai tana jikinka, amma ta wa ce?

Wannan tambaya ita ta dami wani masani a jami'ar MIT ta Amurka mai suna Richard Stallman, bayan da aka hana shi ganin rubutun asalin manhajar wata firinta da yake son gyarawa. A watan Satumba na 1983 ya yi shelar aikin da ya kira GNU, da nufin gina uwar manhaja irin Unix wadda za ta zama ta kowa da kowa. Ya kafa 'yanci huɗu: mutum ya yi amfani da manhaja yadda ya so, ya karanta rubutunta ya gyara, ya kwafa ya ba wani, ya kuma yaɗa gyaran da ya yi. A 1989 aka fito da lasisin GPL domin tsare wannan 'yanci, kuma hikimarsa ita ce duk wanda ya raba manhajar ga jama'a, ko ya gyara ta ko bai gyara ba, tilas ya miƙa musu 'yancin da shi ma ya samu.

Aikin GNU ya samar da kayan aiki masu yawa, amma zuciyar tsarin, watau sashen da ke magana da ƙarfen kai tsaye, ba ta kammalu ba. Sai ga wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ranar 25 ga Agusta 1991 ya sanar cewa yana rubuta tasa don sha'awa. Fitowarta ta farko layi wajen dubu 10 ce. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin lasisin GPL, masana daga ko'ina suka sa hannu, har rubutun ya haura layi miliyan 30. Tun daga Nuwamba 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki, kuma wayar Android da ke aljihun yawancinmu a kan zuciyar Linux aka gina ta. 'Yan'uwa, mu lura: ɗalibi ne kamarmu ya soma wannan aiki, a kan kwamfutar ɗakinsa.

Zaɓen Haɗin da Ya Dace

Tun da kowa yana da ikon ɗaukar zuciyar ya haɗa ta da kayan da ya ga dama, Linux ta zama iri-iri. Akwai Debian, wadda aka kafa a 1993, 'yan sa-kai ke tafiyar da ita, an san ta da natsuwa. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a Oktoba 2004 a kan harsashin Debian, sunanta kuwa kalmar Zulu da Kosa ce mai nufin mutuntaka. Akwai Linux Mint, wadda aka gina a kan Ubuntu, fuskarta kuma ba za ta ruɗa wanda ya saba da Windows ba.

Shawararmu ga mai farawa ita ce ya ɗauki Mint ko Ubuntu, kuma ya ɗauki fitowa mai dogon tallafi. Ubuntu takan fitar da irin wannan a watan Afrilu bayan kowace shekara biyu, ta kula da ita shekara biyar. Alal misali, Ubuntu 24.04 ta fito a Afrilu 2024, tallafinta zai kai 2029, haka ma Mint 22 da aka gina a kanta. Mint tana tashi a kan ƙwaƙwalwar aiki ta giga 2 da rumbun ajiya na giga 20, ko da yake giga 4 ya fi sakewa. In inji ya tsufa ƙwarai, a nemi mai fuska marar nauyi, kamar Xfce ko LXQt. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda Ake Ɗorawa

Mataki na farko, wanda ya fi kowane muhimmanci, shi ne kwashe kaya. A kwafe duk takardu da hotuna da kundin bincike zuwa wani rumbu dabam, sa'an nan a buɗe kwafin a tabbata yana karantuwa. Ɗora uwar manhaja aiki ne da ke taɓa rumbun ajiya, kuma latsa wuri ɗaya bisa kuskure yana iya share aikin shekara huɗu. Har wa yau, kada a soma wannan aiki ana saura kwana biyu a miƙa kundi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a sauke manhajar daga shafin masu ita na ainihi. Fayil ne babba, na Mint ya kai wajen giga 3, na Ubuntu kusan ninkinsa. A shafin za a ga wata doguwar lamba mai haruffa 64 da ake kira SHA256, wadda take kamar hatimi. In an lissafa ta fayil ɗin da aka sauke aka ga ta yi daidai da ta shafin, to, kaya sun iso lafiya, ba wanda ya taɓa su a hanya. A ƙasar da intanet ke yankewa a tsakiyar aiki, wannan bincike ba ɓata lokaci ba ne.

Na uku, a samu filash mai giga 8, a rubuta fayil ɗin a kansa da manhaja irin Rufus ko balenaEtcher. A tuna, duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge. Sa'an nan a kashe kwamfuta, a soka filash, a kunna, a yi ta latsa maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A yawancin Dell da Lenovo F12 ne, a HP kuwa F9.

A nan ne za a ga wani abin sha'awa. Linux za ta tashi daga filash ɗin ba tare da ta taɓa rumbun kwamfuta ba, mutum ya zagaya cikinta yadda ya so. Gani ya kori ji. A gwada intanet marar waya, a gwada sauti da kyamara, a jona firinta a gani. In wani abu ya ƙi, gara a sani yanzu, tun ba a rushe tsohon gida ba.

In komai ya yi daidai, sai a jona caja, a tabbata batir a cike yake, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar rabon rumbu ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Mai ɗorawa zai yi tambayoyi kaɗan: harshe, da allon rubutu, da yankin lokaci, inda mutanen Nijeriya za su zaɓi Legas, na Nijar kuma Yamai. Sai babbar tambaya: a share rumbu gaba ɗaya, ko a zaunar da Linux gefen Windows? Wanda bai gama sakin jiki ba ya zaɓi zaman tare. Za a raba rumbun gida biyu, kullum in ya kunna kwamfuta wata 'yar manhaja mai suna GRUB za ta tambaye shi gidan da zai shiga. Amma kafin haka, in Windows ɗinsa tana kulle da BitLocker, lalle ya adana mabuɗinta ya kuma kwance kullen tukuna. A ƙarshe za a nemi suna da kalmar sirri. Bayan kamar rabin sa'a, aiki ya ƙare.

Daidaitawa

Sabon gida ba ya zaunuwa sai an yi masa 'yan gyare-gyare. Abu na farko shi ne sabuntawa. Ana iya yin ta da linzami, ana kuma iya buɗe tagar umarni, baƙar tagar nan da ke firgita baƙo, a rubuta sudo apt update, sa'an nan sudo apt upgrade. Na farkon yana tambayo abin da ya sabunta, na biyun yana ɗauko shi. Kalmar sudo tana da ma'ana mai zurfi. A Linux mai kwamfuta ma ba ya yawo da makullan gida duka a hannu. Yana aikinsa na kullum a matsayin mutum gama-gari, sai in zai taɓa ginshiƙin tsarin ne yake ɗaukar ikon maigida na ɗan lokaci, ya ba da kalmar sirri. Wannan tsari yana rage ɓarnar kuskure da ta mugun fayil. Saboda haka kada mu taɓa kwafo umarnin da ba mu fahimta ba daga intanet mu sa masa sudo a gaba.

Abu na biyu, a tayar da katangar tsaro da umarnin sudo ufw enable. Na uku, masu Mint su kunna Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton tsarin lokaci-lokaci, domin in wani gyara ya ɓata abu a koma yadda ake jiya. Na huɗu, a bar ɗabi'ar tsintar manhaja a kowane lungu na intanet. Kowane haɗi yana da rumbunsa na manhajoji dubbai waɗanda aka tantance, daga nan ake ɗauka.

Na biyar ya shafe mu mu kaɗai, watau haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Mun daɗe muna rubuta baki alhali baƙi muke nufi, muna rubuta kasa a wurin ƙasa, muna ɗora wa inji laifi. To, a cikin jerin allunan rubutu na Linux akwai na Hausar Nijeriya, akwai kuma na Hausar Gana. Shiga wurin saituna ne kawai a ƙara shi, a kuma zaɓi salon haruffa irin Noto ko DejaVu waɗanda ke ɗauke da su. Daga yau ba mu da hanzari.

Aiki da Ita, da Iyakarta

Ɗalibi zai sami abin da yake bukata. LibreOffice tana rubuta takarda, tana lissafin jadawali, tana shirya allunan gabatar da jawabi. Firefox tana shiga intanet. Zotero tana tsara manazarta. Mai nazarin ƙididdiga yana da R da PSPP, mai nazarin taswira yana da QGIS, mai gyaran hoto yana da GIMP, mai koyon rubuta manhaja kuwa ya zo gida, domin Python tana nan tun ranar farko. Duk waɗannan halal ne a kwafa, ba sata, ba fasa kulle, ba tsoron abin da ɓarawon manhaja ya cusa a ciki.

Amma ba za mu ɓoye muku iyakarta ba. Photoshop da AutoCAD da Microsoft Office ta kan tebur ba a yi su domin Linux ba. Ɗalibin zanen gine-gine wanda sashensa ya wajabta AutoCAD, zaman tare da Windows ya fi masa. Takardar da aka rubuta a LibreOffice aka buɗe a Word takan ɗan goce, musamman mai jadawali da yawa, don haka abin da aka gama a mayar da shi PDF kafin a kai wurin bugawa. Wasu firintoci da wasu na'urorin intanet marar waya sukan yi gardama. Sama da duka, akwai makonnin farko na rashin sabo, inda hannu zai riƙa neman abu a inda ba ya nan. Kyautar kuɗi ce aka yi mana, ba a yi mana kyautar koyo ba.

Ga Yayyenmu Ma'aikata

Kwamfutar ofis ba taka ba ce, saboda haka kada wani ya tashi daga nan ya je ya sake mata manhaja ba da iznin hukumarsa ba. A fara da ta gida. Amma ku ne gobe za ku zauna a kwamitin sayen kaya, ku ne za ku rubuta takardar shawara, don haka ga darussa biyu daga Turai.

Majalisar birnin Miyunik na Jamus ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, kuma zuwa 2013 an juya kwamfutoci kusan dubu 15. Amma a 2017 majalisar ta ƙada ƙuri'ar komawa Windows, bayan ƙorafe-ƙorafe a kan musayar takardu da sauran hukumomi, da kuma canjin shugabanni. Rundunar jandarmomin Faransa kuwa ta bi abin sannu a hankali. A 2005 ta fara sauya manhajar rubutu, a 2006 ta sauya ta shiga intanet, sai a 2008 ta soma sauya uwar manhajar kanta zuwa wani haɗi na Ubuntu, lokacin da ma'aikata sun riga sun saba da kayan aikin. Ta haka ta juya dubun dubatan kwamfutoci. Abin lura a nan shi ne, sauya manhaja aikin mutane ne kafin ya zama aikin inji. Inda aka horar da ma'aikata aka kuma tanadi masu gyara na cikin gida, abin yakan zauna.

Akwai kuma batun takardun hukuma. Fayil ɗin filaye ko na fansho ana bukatarsa bayan shekara 50. In an adana shi cikin sigar da kamfani ɗaya kaɗai ya san sirrinta, to, an ba wani ajiyar makullin taskar jama'a. Sigar ODF, wadda hukumar ƙa'idoji ta duniya ta amince da ita a 2006, a buɗe take ga kowa. Haka nan, tun da Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a Yuni 2023, ma'aikacin da ke yawo da sunayen jama'a a kwamfutar tafi-da-gidanka ya san nauyin da ke kansa. Linux tana ba da damar kulle rumbu gaba ɗaya tun lokacin ɗorawa, yadda ko an sace kwamfutar ɓarawo ƙarfe kawai ya samu. Sai dai wanda ya manta kalmar wannan kulle, shi ma ya zama baƙo a gidansa.

Namu Rabon

Linux ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun a 2007 'yan makarantar firamare ta Galadima a Abuja suka riƙe ƙananan kwamfutocin shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, kuma da Linux suke aiki. Abin da ya rage shi ne mu tashi daga masu karɓa mu koma masu sa hannu. Yawancin manhajojin nan 'yan sa-kai ne ke fassara su zuwa harsunansu, kuma na Hausa da yawa ba a kammala ba. Ba wani Bajamushe ko Ba'amurke da zai zo ya zaɓa mana kalmar da ta dace, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗaliban harshe da na kimiyyar kwamfuta, ga aikin da zai haɗa ku a tebur ɗaya.

Saboda haka muna ba Ƙungiya shawara ta ware yini guda a kowane zango domin ɗora Linux. Mutum ɗaya ya sauke fayil, a raba wa ɗari, tun da lasisi ya halatta, kuɗin data kuma ya huta. Kowa ya zo da kwamfutarsa da kwafin kayansa, waɗanda suka iya su zauna kusa da waɗanda ba su iya ba. Sharaɗi ɗaya muke roƙo a kafa: mai kwamfuta shi zai riƙe linzami, shi zai latsa kowane maɓalli, malaminsa baki kawai zai sa. Wanda aka ɗora wa yana kallo zai dawo gobe neman taimako, wanda kuwa ya ɗora da kansa jibi shi zai koya wa wani.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi. Mun zo da filash guda biyar a shirye, duk mai son gwadawa ba tare da an taɓa masa rumbu ba ya same mu a bayan zaure in an tashi.